Yadda za ka fassara kalmar “emasculate” zuwa harshen Finland

Kalmar Turanci “emasculate” daga Latin ta fito: “e” mai nufin cirewa, da “masculus” mai nufin namiji. A zahiri dai, cire wa namiji abin da ya sa shi namiji. Sai dai Turawa suna amfani da ita a wurare huɗu da ba su da kama da juna, kuma harshen Finland ba shi da kalma ɗaya da za ta ɗauke su duka. Saboda haka kafin ka buɗe ƙamus, duba jimlar ka ga wa aka yi wa aikin: dabba ce, mutum ne, doka ce, ko fure?

Idan dabba ce, maganar fiɗiya ake yi. Kalmar gida ita ce “kuohita”, ta likitoci kuma “kastroida”. Doki yana da tasa daban, “ruunata”, domin dokin da aka fiɗiye “ruuna” ake ce masa. A kula da sarrafa “kuohita”, don nan sabon shiga ke tuntuɓe: ba a cewa “kuohitan”. Ina fiɗiyewa “kuohitsen” ne, ya fiɗiye “kuohitsi”, wanda aka fiɗiye kuma “kuohittu”. A rubutun asibiti akwai wani bambanci: wani lokaci Turanci yana nufin cire al'aurar gaba ɗaya, ba maraina kaɗai ba. Idan haka ne, “kastraatio” bai isa ba, sai ka faɗi sassan da aka cire ɗaya bayan ɗaya.

Wurin da ya fi wuya shi ne inda ba a taɓa jikin kowa ba, an dai karya wa mutum gwiwa har ya ji mazantakarsa ta zube. Yau yawancin masu rubutu da Turanci wannan suke nufi. Ɗauki jimlar da ke cewa rasa aiki ya sa wani magidanci ya ji shi ba namiji ba ne. Wanda ya ɗauko fassarar farko a ƙamus ya sa “kuohita”, mai karatu zai iya hango wuƙa, alhali marubucin zuciya yake nufi. Ana iya yin habaici da ita, amma tana da kaushi ƙwarai, sai in marubucin da gangan ya so ya yi zafi.

Abin da ya dace shi ne ka gina jimla a kan “mies”, wato namiji. Daga gare ta aka samu “miehisyys” da “miehuus”, duka suna nufin mazantaka. Sai ka haɗa da “viedä”, ɗaukewa, ko “riistää”, ƙwacewa. Wanda aka ƙwace wa yana ɗaukar ɗafin “lta” ko “ltä”, gwargwadon wasulan kalmar: “pojalta” daga yaro, “mieheltä” daga mutumin, “häneltä” daga gare shi. Jimlar za ta fito haka: “Työttömyys vei häneltä miehisyyden”, rashin aiki ya ɗauke masa mazantaka.

Akwai dalilin da ya sa muke nacewa a kan “mies”. Harshen Finland ba ya bambanta “shi” da “ita”. Duka “hän” ne. In ka wadatu da “nöyryyttää”, wato wulaƙantawa, jimlar za ta yi daidai a nahawu, amma babu sauran abin da ke nuna namiji ake magana a kai, kuma ainihin ciwon ya ɓace ke nan. Ka yi amfani da ita kawai idan jimlolin da ke gefe sun riga sun bayyana cewa batun mazantaka ne. Haka kuma kada ka sa “naismainen”. Wannan siffa ce ta namiji mai ɗabi'ar mata, takwarar “effeminate”. Tana faɗin yadda mutum yake, ba abin da aka yi masa ba.

Idan kuwa doka ce, ko rahoto, ko hukuma da aka rage wa ƙarfi, ka manta da namiji kwata-kwata. 'Yan jaridar Finland “vesittää” suke cewa, daga “vesi”, ruwa: an tsarma abu da ruwa har ya salance. “Heikentää”, raunanawa, ta fi ta sanyi. Lura da ƙarshen kalmar “laki”, wato doka. “Heikensi lakia” na nufin an rage wa dokar ƙarfi, da saura. “Vesitti lain” kuwa an gama da ita, sai suna. Bambancin “lakia” da “lain” kaɗan ne a rubuce, amma hukuncin ya bambanta.

Na fure ba shi da wahala. Masu haɗa irin shuka sukan cire sashen namiji na fure kafin ya saki ƙurarsa, don kada shukar ta yi wa kanta barbara; haka Gregor Mendel, masanin gadon halitta, ya yi a gwajin da ya wallafa a 1866. Sashen sunansa “hede”, jam'insa “heteet”, sai ka rubuta “poistaa heteet”. In rubutun na masana ne, “emaskulaatio” ma ta shiga.