Yadda ake tsara fim ɗin ban tsoro a Kano: yarinyar da ta tashi ramuwa

Abin da ke damuna da yawancin fina-finanmu na aljanu shi ne, a shafa wa ɗan wasa farar hoda, a ja masa ido da kwamfuta, a ce ga abin tsoro. Yara ma dariya suke yi. Alhali mun taso ana kwashe mu daga ƙofar gida da magariba, ana hana mu zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla. Tsoron yana jikinmu tuntuni, aikinka kawai ka taɓo shi. Idan kana son shirya fim a kan matashiya mai wani ɓoyayyen iko da ta tashi ɗaukar fansa, ga yadda nake ganin za ka bi.

Ka fara da zaluncin, kada ka fara da aljani. Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. A ce Ladidi ce, 'yar shekara 15, an kawo ta aikatau daga ƙauye zuwa wani gida a cikin birni. Sarƙar gwal ɗin Hajiya ta ɓata, aka ce ita ce. Aka yi mata duka, aka kulle ta a ɗakin ajiya kwana biyu tana cewa, "Wallahi Hajiya ban ɗauka ba." Ɗan gidan da ya sayar da sarƙar yana tsakar gida yana danna waya. Maƙwabciya ta ji kukan, ta ja ƙofarta ta rufe. Ka ba wannan ɓangaren kamar minti 20, ba tare da wani abin al'ajabi ko ɗaya ba. Sai ran mai kallo ya ɓaci, har ya fara cewa Allah ya isa a zuciyarsa, sannan ka wuce gaba.

Mataki na biyu, ka yanke inda ikon ya fito. Gado ne daga kakarta da ake raɗe-raɗin 'yar bori ce? Ko wani abu ne ya same ta a duhun ɗakin nan? Ka zaɓi ɗaya, kuma kada ka sa boka ya zauna yana yi mana dogon bayani. Sannan ka kafa masa doka: ba ya motsi sai tsakanin magariba da kiran assalatu, kuma duk sanda ta yi amfani da shi, sai ta rasa wani abu nata. Yau ta manta sunan ƙaninta, gobe ta kasa tuna fuskar mahaifiyarta. Ikon da ba a biyan kuɗinsa ba ya ba kowa tsoro.

Na uku, ka jera ramuwar daga ƙarami zuwa babba. Maƙwabciyar da ta yi shiru ta wayi gari muryarta ta ɗauke. Ɗan gidan ya riƙa tsintar sarƙar a aljihunsa, ya jefa ta kududdufi, washegari ta dawo a jiƙe. Hajiya ce ta ƙarshe. Amma kafin a kai kanta, ka bari abin ya taɓa wanda bai ji ba bai gani ba, kamar ƙaramar 'yar gidan da ke ɓoye wa Ladidi abinci. A nan mai kallo zai fara jin tsoron wadda yake goyon baya, kuma wannan shi ne zuciyar fim ɗin.

Wurin ɗauka kuwa Kano ta gama maka. Akwai lungunan Kasuwar Kurmi bayan an tashi, akwai ramukan marinar Ƙofar Mata, ga ragowar badala, ga Dutsen Dala da tarihin Barbushe da Tsumburbura. Ka jira hunturu, hazo zai ba ka abin da kwamfuta ba za ta ba ka ba. Ka nemi izinin mai unguwa tukuna, kuma ka bar maƙabarta ta huta.

Sauti ya fi kwalliya muhimmanci. Ƙarar turmi da ƙarfe biyun dare a gidan da kowa ke barci, ko janareton maƙwabta da ya mutu farat ɗaya, sun fi kiɗan tsoro da ake ɗaukowa a intanet. Waƙa da rawa kuma kada su shigo nan.

Daga ƙarshe, ka tuna fim ɗin zai bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Kada labarin ya nuna tsafi a matsayin mafita, kuma ayoyin da malamin ruƙiyya zai karanta ka sa masani ya duba su. Sai dai kada ka bari ruƙiyyar ta share laifin mutanen gidan. Bayan Ladidi ta dawo hayyacinta, ka tsayar da kyamara a kan Hajiya, a gaban iyayen yarinyar da suka zo daga ƙauye, ta faɗi da bakinta wanda ya ɗauki sarƙar.