Idan Wani Ya Yi Jinya da Sunanka: Yadda Ake Bin Haƙƙi a Ƙarƙashin Dokokin Najeriya

Tun da aka sa hannu kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, a watan Mayun 2022, wadda ta maye gurbin tsohon tsarin NHIS ta kuma wajabta inshorar lafiya kan mazauna Najeriya, sunayen mutane da lambobin rajistarsu suka watsu cikin rumbunan bayanai masu yawa. Akwai na hukumar kanta, akwai na kamfanonin inshorar lafiya da ake kira HMO, waɗanda ke biyan asibitoci, akwai na hukumomin jihohi irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, sannan akwai ɗakin kati na asibitin da mutum ya zaɓa. Lambar rajistar nan kuɗi ce, domin da ita ake ganin likita, a yi gwaji, a karɓi magani, kuma wanda ya same ta ba da haƙƙi ba, yana iya yin duk waɗannan abubuwa da sunan mai ita.

Sojan gonar na zuwa ta fuskoki daban-daban. Wani ya tsinci katinka ko ya samu lambarka ya je ya yi jinya a matsayin kai. Wani kuma ma'aikaci ne a cikin tsarin, ya rubuta cewa an yi maka aiki ko gwajin da ba a taɓa yi ba, ya aika wa kamfanin inshora takardar neman biya. Akwai kuma fitar bayanai gaba ɗaya, ta hanyar kutse a kwamfuta ko ɗaukar hoton fayil da waya. A dukkan waɗannan, hankalin mutane yakan tafi kan kuɗin da aka ci, alhali ɓarnar da ta fi haɗari tana cikin fayil. Idan wanda ya yi jinya da sunanka rukunin jininsa ya bambanta da naka, ko yana da ciwon suga, ko an rubuta cewa jikinsa na karɓar wani maganin da kai jikinka ba ya so, duk wannan ya zama tarihin lafiyarka a idon likitan da zai duba ka ranar da aka kawo ka ba ka iya magana. Saboda haka tsarin bin haƙƙi a nan ya kamata ya fara da gyara fayil, hukunta mai laifi ya biyo baya.

Kafin ka iya gane an yi amfani da sunanka, sai ka fahimci yadda kuɗin ke tafiya. Asibitin farko da ka yi rajista da shi yana karɓar wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba, amma idan ciwo ya kai ga ganin ƙwararren likita ko yin tiyata, sai an nemi lambar izini daga kamfanin HMO, kuma ana biyan wannan aiki ne daban. A wannan mataki na biyu aka fi samun damar rubuta ƙarya, a nan ne kuma aka fi barin sawu, tunda kowace lambar izini tana da rana da sunan asibiti da irin aikin da aka nema. A Amurka kamfanin inshora kan aiko wa mai rajista bayanin kowane kuɗin da aka biya da sunansa, amma a nan galibi ba wanda zai aiko maka sai ka tambaya. Alamomin da ya kamata su tayar maka da hankali sun haɗa da saƙon waya na amincewa da aikin da ba ka nema ba, ko likita ya tambaye ka labarin ciwon da ba ka taɓa yi ba, ko a ce an riga an ba ka wani magani a wannan watan, ko ka tarar an sauya maka asibiti ko lambar waya ba da saninka ba.

Da zarar ka ga ɗaya daga cikinsu, ka koma rubutu. Ƙorafin baki a gaban tagar ɗakin kati ba ya zama hujja, ko da wanda ka gaya wa ya rantse zai duba. Ka rubuta takarda zuwa ga shugaban asibitin, wata kuma zuwa ga kamfanin HMO ko hukumar jihar da ke riƙe da rajistarka, ka sa cikakken sunanka da lambar rajista da ranar da ka lura da matsalar, ka nemi a ba ka jerin duk ziyarar da aka rubuta da sunanka, da duk lambar izinin da aka bayar, da kwafin abin da ke cikin fayil ɗinka. Ka je da kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan naka, domin wannan hatimin ne zai nuna daga baya cewa an sanar da su kuma ga ranar da aka sanar.

Ba alfarma kake roƙo ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta sanya bayanan lafiya cikin rukunin bayanan da ke buƙatar tsaro na musamman, kuma sashe na 34 ya ba kowane mutum haƙƙin sanin ko ana riƙe da bayanansa, da samun kwafinsu, da sanin waɗanda aka nuna wa su, da neman a gyara abin da yake kuskure, ba tare da jan lokaci marar dalili ba. Ambaton wannan sashe a cikin takardarka yakan sauya yadda ake kallonta. Manyan asibitoci da kamfanonin inshora da ke riƙe da bayanan mutane masu yawa doka ta ɗora musu naɗa jami'in kare bayanai, don haka ka tambayi ko wane ne shi ka aika masa kwafi.

Wajen gyaran fayil akwai kuskuren da fushi ke sa mutane yi, wato neman a yage shafukan ƙaryar ko a share su daga kwamfuta nan take. A ganina wannan ba dabara ba ce. Shafukan nan su ne shaidarka, suna ɗauke da rana da rubutun hannu da sunan wanda ya duba marar lafiyar, kuma idan suka ɓace, maganarka ta zama zance kawai. Abin da za ka nema shi ne a cire su daga fayil ɗin da likita ke amfani da shi, a adana su daban a ƙarƙashin kulawar shugaban ɗakin kati, a kuma rubuta a bangon fayil ɗinka cewa bayanan ranaku kaza da kaza ba naka ba ne. Bayan haka ka nemi a sake gwada rukunin jininka da nau'in jinin gado da ake duba sikila da shi, a rubuta magungunan da jikinka ba ya karɓa, likita ya sa hannu. Idan an taɓa tura wanda ya yi sojan gonar zuwa wani asibitin, to can ma an buɗe fayil da sunanka, sai ka bi shi da irin wannan takarda. Kada ka yi mamaki idan asibitin ya ƙi gaya maka cikakken ciwon wancan mutumin, domin shi ma doka ta kare sirrin jinyarsa. Abin da ya dame ka shi ne a raba bayanansa da naka.

A lokaci guda ka nemi kamfanin inshora ya dakatar da tsohon katin ya ba ka sabo, ya kuma sa sharaɗin a kira lambar wayarka kafin a ba da izinin kowane babban aiki. Idan katin ɓata ya yi, ka samo takardar rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu, ka haɗa kwafinsu da takardunka.

Game da laifin kansa, dokoki uku ne suka fi shafarsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a sashe na 26 ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum ko jinyarsa ko kwanciyarsa a asibiti sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu ko wata doka, ko idan ɓoye shi zai zama barazana ga lafiyar jama'a. Sashe na 29 kuma ya ɗora wa shugaban asibiti alhakin tsare fayiloli, ya mayar da ƙirƙirar bayanin ƙarya, ko sauya shi, ko kwafarsa ba da izini ba, ko shiga rumbun bayanai ba da hurumi ba, laifin da hukuncinsa zai iya kai wa ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 250,000 ko duka biyun. Tarar ta yi kaɗan a darajar naira ta yau, amma ga ma'aikacin lafiya abin tsoron shi ne lasisinsa, tunda ana iya kai ƙararsa gaban majalisar da ke kula da sana'arsa, kamar MDCN ga likitoci. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 a sashe na 22 ta hukunta amfani da lambar sirri ko wata alamar shaidar wani da niyyar zamba, da kuma yin sojan gona da sunan wani, rayayye ko mamaci, da ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 7. Ambaton mamaci a nan yana da amfani ga iyalai, domin katin wanda ya rasu da ba a sanar da hukuma ba yana iya ci gaba da aiki a hannun wani. Sannan dokar Final Kod da ake aiki da ita a jihohin Arewa ta daɗe da sanin laifin zamba ta hanyar sojan gona, don haka ko babu kwamfuta a cikin lamarin, ofishin 'yan sanda na unguwa yana da hurumin karɓar ƙara.

Idan asibitin ko kamfanin ya yi shiru, ko ya amsa ba tare da gyara komai ba, sai ka ɗaga maganar sama. Abin da ya shafi biyan kuɗin ƙarya ko hana ka jinya, ofishin NHIA na jiharka ko hukumar jihar ne wurinsa, domin su ke ba asibitoci da kamfanoni izinin shiga tsarin, su ke kuma iya janye shi. Abin da ya shafi sakaci da bayanai ko ƙin ba ka kwafi, Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC, ce ke karɓar ƙorafinsa a ƙarƙashin sashe na 46. Tana da ikon umartar a gyara, a biya wanda aka cutar diyya, ta kuma ci tarar manyan masu riƙe da bayanai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Dokar ta kuma tilasta wa duk wanda aka yi wa kutse mai haɗari ga jama'a ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72, ya kuma sanar da mutanen da abin ya shafa idan haɗarin ya yi girma, don haka kana da damar tambayar kamfanin a rubuce ko an taɓa samun irin wannan kutse da ya taɓa bayananka. Kotu ita ce mataki na ƙarshe. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, sashe na 51 na dokar 2023 ya ba wanda ya yi asara damar neman diyya, amma shari'a tana cin kuɗi da lokaci, kuma ya fi kyau lauya ya duba takardun da ka tara kafin ka yanke shawarar shigar da ƙara. Wanda ba shi da ƙarfi yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a.

Akwai wani ɓangare da ba a cika son a faɗa ba, shi ne aron kati. Tsarin ma'aikatan gwamnatin tarayya ya ƙunshi ma'aikaci da abokin aurensa ɗaya da 'ya'yansa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, alhali gidajenmu da yawa sun fi haka yawa, ga kishiya, ga ɗan riƙo, ga ƙanin da ke zaune a gidan. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, ba kuɗi, sai a kai shi da katin yayansa. Tausayin da ke sa a yi haka abin fahimta ne, amma sakamakonsa iri ɗaya ne da na sata: yara biyu sun haɗu a fayil ɗaya, kuma idan ɗayansu mai sikila ne ko yana da maganin da jikinsa ke ƙi, likita ba shi da hanyar sanin wane ne wane. Ta fuskar doka kuwa, wanda ya miƙa katinsa da hannunsa ya raunana duk ƙorafin da zai yi daga baya, har ma yana iya zama abokin laifi. Tsarin ya ba da damar ƙara wasu iyalai idan an biya ƙarin kuɗi, akwai kuma shirin GIFSHIP na NHIA da ke karɓar ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, ban da shirye-shiryen jihohi na marasa ƙarfi. Idan an riga an yi aron, ka keɓe da likitan da ke duba yaran ka gaya masa domin a raba bayanansu.

Sauran abin da ya rage kiyayewa ce ta yau da kullum. Kada ka aika hoton katinka ko lambar NIN ta WhatsApp ga wanda ya kira ya ce daga ofishin inshora yake kuma rajistarka za ta mutu idan ba ka tura ba. Ka kashe wayar ka kira lambar da ke jikin katin ko ka je ofishin da ƙafarka. Kada ka bar kwafin takardunka a shagon buga takardu, kuma ka yayyaga tsofaffin takardun gwaji kafin ka zubar. Bayan an ce an gyara fayil ɗinka, ka bari wasu watanni su wuce ka sake neman jerin ziyarar da aka rubuta da sunanka, domin wani lokaci ana gyara fayil na takarda a bar na kwamfuta yadda yake, kuma daga na kwamfutar ne ake tura bayani zuwa kamfanin inshora.