Giyar shocu ta shinkafa: kurakuran da na gaji da gani

Duk sabon zuwa da ya sauka a Kumamoto ta ƙasar Japan daga gida, ɗalibi ne ko ma'aikaci, in dai mai sha ne, sai na ga ya maimaita abin da na yi shekarun baya. Na gaji da gyara wa mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na rubuta. Tun farko in faɗa: shocu giya ce, mai ƙarfi kuwa. Wanda addininsa ya hana shi, kada ya ga ta yi garau kamar ruwa a walimar wurin aiki ya ɗauka. Maganata da masu sha ce.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar ta a matsayin sake, wata giyar shinkafa ta Japan. Duka biyun da shinkafa ake yi, da wata irin fumfuna da ake kira koji, wadda ke mayar da sitacin shinkafa sukari. Amma sake tsima ta ake yi a tace, kamar yadda ake yi wa burukutu, ƙarfinta wajen kashi 15 cikin ɗari. Ita shocu, bayan ta tsimu sai a ɗora ta a tukunya a kama tururinta, kamar ogogoro. Kashi 25 ne ƙarfinta a yawancin kwalabe, 'yar'uwarta awamori ta Okinawa kuwa, wadda ake yi da shinkafar Tailan, takan kai 30. A watana na biyu, a wata ƙaramar mashaya a garin Hitoyoshi da ke kwarin kogin Kuma, inda ake yin shocu ta shinkafa, na ga ɗan finjalin da aka ajiye min bai fi babban yatsa ba, na riƙa jefa shi baki ɗaya. Abokan aikina suna ta cika min, don al'adarsu ce ba a barin kofin baƙo a bushe. Ban tsaya na ji ƙamshin ko guda ba. Washegari ban iya fita aiki ba, kuma na daɗe ina jin nauyin haɗa ido da shugabanmu. Yau ba na taɓa ta sai na fara shinshinawa, in kurɓi kaɗan in bar shi a kan harshe, ga kofin ruwa a gefe. In na ƙoshi sai in bar finjalin a cike, babu mai ƙara min.

Na biyun ne ya fi ci min rai, har yanzu. Tsohon da nake haya a gidansa ya ba ni kwalba mai shekara 10 a ajiye, irin wadda ba a bai wa kowa. Lokacin sanyi ne. Na ji ana cewa ana sirka ta da ruwan zafi, abin da suke kira oyuwari, sai na zuba giyar a kofi, na sauke buta daga kan wuta tana tafasa na kwarara a kai. Tururi ya taso yana sukan hanci da ido, ɗanɗanon kuma ya zama ɗaci zalla. Na ce ashe haka take, na riƙa ƙara mata lemon kwalba don ta shawu. Sai da na ci rabin kwalbar a haka kafin ya shigo wata rana ya tarar da ni. Ya ɗauki kofin ya kai hanci, ya ajiye, bai ce uffan ba. Ya je kicin ya juye ruwan a wani kwano, ya jira har tururin ya lafa, ya zuba shi a kofi tukuna, sannan ya bi da giyar a hankali ta gefen kofin. Da na kurɓa sai na ji ƙamshin shinkafa da aka sauke yanzu, da wani zaƙi a ƙarshen harshe da ban taɓa sanin yana cikinta ba. Rabin kwalba na ɓata, ita kuwa ba ta dawowa.

Don Allah ku ji da kyau: ruwa ne farko, giya daga baya! Kuma ba tafasasshe ba. Ku bar shi ya sauko wajen digiri 70. Ruwan zai ɗumama kofin, shi da giyar su gauraya da kansu ba sai an sa cokali ba. Abin da aka fi sani shi ne kashi 6 na giya, 4 na ruwa, wanda ke sauko da ƙarfinta zuwa 15. Ni rabi da rabi nake yi, wasu tsofaffin nan suna ganin na cika ruwa. Su da yawansu ma ba sa sirkawa, a wata 'yar butar tangaran mai dogon baki da ake kira gara suke ɗumama ta kai tsaye, su sha a finjalin da suke kira coku. Abin da ke ba ni haushi shi ne in ga an nuna wa mutum wannan sau biyu, a karo na uku ya sake miƙa hannu ga butar da ke tafasa, wai ai duk ciki ɗaya za su. To in haka ne me ya kai ka sayen mai tsada? Mutanen kwarin Kuma sun fi shekara 400 suna wannan sana'a. A watan Yuli na 2020 kogin Kuma ya yi ambaliya ya shiga wasu gidajen da ake yin ta, suka kwashe laka suka ci gaba. Aikin da aka sha wannan wahala a kai bai kamata a ƙona shi cikin daƙiƙa biyar ba.

Ba kowace kwalba ce ma ke son zafi ba, nan ma ana yawan faɗawa. Wadda aka dafa a tukunyar da aka zuƙe wa iska, genatsu, sauƙi gare ta da ƙamshin 'ya'yan itace, irin su mai suna Torikai, sanyi ko ƙanƙara take so. Wadda aka dafa a tukunya yadda aka gada, joatsu, ita ce mai nauyi, ɗumi ke buɗe ta. Ka tambayi mai shago, ba abin kunya ba ne.

Wajen saye, nemi kalmar honkaku a jikin kwalba, wato sau ɗaya aka dafa ta, ɗanɗanon shinkafar bai gudu ba. Manyan robobin nan masu arha galibi korui ne, ba su da ƙamshi, don haɗawa da lemo aka yi su. Idan ka ga an rubuta Kuma shocu, suna ne da doka ke karewa tun 1995, shinkafa ce kawai da ruwan yankin. Kada kuma ka ɗauka duk shocu ta shinkafa ce: ta yankin Kagoshima yawanci dankalin Hausa ne, ta yankin Oita sha'ir.

Ƙanƙara ƙanana suna narkewa nan da nan su mayar da ita lami, sa babba guda. Kwalba kada ta zauna a taga inda rana ke duka. Ciki babu komai, kar ka fara, ni da gasasshen kifin ayu na kogin Kuma na fi son ta. A taro kada ka zuba wa kanka, zuba wa na kusa da kai, in ya zuba maka ka tara da hannu biyu.

Sai tuƙi. Dokar Japan ba direba kaɗai take kamawa ba, har wanda ya ba shi giyar da wanda ya shiga motar yana sane. Keke ma bai tsira ba, an tsaurara hukuncinsa tun watan Nuwamba na 2024. Akwai masu sana'ar da ake kira daiko, mutum biyu ne za su zo, ɗaya ya tuƙa ka a motarka, ɗaya ya bi ku a tasu. Ni tun kafin a buɗe kwalba nake gaya wa mai mashaya ƙarfe nawa zai kira min su.