Yadda Ake Karanta Gada Mai Rufi da Allon Tarihinta a Ƙauyukan Amurka

Wanda ya isa wani ƙaramin ƙauye a Pensilbaniya ko Indiyana domin ganin gadar katako mai rufi, ya kamata ya ajiye motarsa nesa kaɗan ya ƙarasa a ƙafa, domin yawancin gadojin nan hannu ɗaya ne, kuma an ƙayyade tsayi da nauyin abin da zai ratsa su. Daga nan sai ya nemi allon tarihi. A Pensilbaniya, inda irin waɗannan gadoji kusan 200 suka saura, allunan hukumar tarihi ta jiha shuɗɗa ne da rubutu ruwan zinariya, amma akwai waɗanda ƙungiyoyin ƙauye suka kafa da kansu, kuma a ganina waɗannan sun fi daɗin karantawa, ko da yake sun fi bukatar a bi su da hankali.

Abin da za a fara dubawa shi ne shekara, sannan a tambayi kai ko ta ginin farko ce ko ta sake gini. Gadar Bridgeton da ke gundumar Parke a Indiyana, gundumar da ke da gadoji masu rufi 31, an cinna mata wuta a 2005, kuma wadda ake gani yanzu an gina ta ne a 2006. Haka ma gadar Bartonsville a Vermont, ambaliyar guguwar Irene ce ta tafi da ita a 2011. Allo yana iya ɗauke da tsohuwar shekara alhali katakon da ke gabanka sabo ne fil.

Bayan an gama da allo, sai a shiga ciki a tsaya har ido ya saba da duhu, domin a bangon gefe ne aikin yake. Rufin ba ado ba ne, an yi shi ne domin kare ginshiƙan katako daga ruwan sama da dusar ƙanƙara, waɗanda kan ruɓar da gada marar rufi cikin 'yan shekaru. Idan ka ga wani babban baka na katako ya lanƙwasa daga wannan bakin kogi zuwa wancan, ƙirar Theodore Burr ce. Idan kuwa katakai ne da yawa aka giggiciye kamar saƙar raga, aka haɗa su da turakun itace maimakon ƙusa, wannan ƙirar Ithiel Town ce, wadda ya yi wa rajista a 1820. Ƙirar William Howe ta 1840 ita ce mafi sauƙin ganewa, saboda sandunan ƙarfe da ke tsaye tsakanin katakan. Ka sa hannu ka shafa: tsohon katako yakan yi duhu, wani lokaci da shatin gatari a jikinsa, sabo kuwa sumul yake.

Kafin fita a ɗaga kai a dubi saman ƙofa. A gadar Cornish-Windsor, wadda aka gina a 1866 a kan kogin Connecticut, har yanzu akwai rubutun da ke gargaɗin cewa duk wanda ya ratsa da doki a guje zai biya tarar dala biyu.