Yadda ake karɓar murtsunguwa da dangoginta da aka aiko a kwali, a dasa su a Maradi

Masu sayar da murtsunguwa da sauran tsirrai masu ajiye ruwa a jikinsu ba su cika aiko su da ƙasa ba. Sukan tumɓuke su, su kakkaɓe saiwar, su bar su su sha iska na ƴan kwanaki, sannan su naɗe kowace a takarda su jera a kwali. Saboda haka wanda ya buɗe saƙonsa a Maradi, ko ta gidan waya ya zo ko ta motar fasinja daga Yamai, zai tarar da shukar ta ɗan yamutse, saiwarta a bushe, launinta ya koɗe. Abin da zuciya ke fara raya wa mutum shi ne ya ba ta ruwa, alhali wannan tausayin ya fi komai saurin kashe ta. Shukar da ta sha tafiya inuwa take bukata da bushewa da haƙuri, ruwa kuwa shi ne zai zo a ƙarshe.

Aikin yana farawa tun kafin a biya kuɗi. Tsakanin Yamai da Maradi akwai fiye da kilomita 600, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwalin da ya yini a rumbun kayan mota yana iya dafa abin da ke cikinsa. A cikin damina kuma, musamman watan Agusta, danshi ne ke shiga kwalin ya haddasa ruɓa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Idan daga ƙetare za a aiko, a nemi mai sayarwa ya haɗo da takardar shaidar lafiyar tsirrai, kuma a san cewa dangin murtsunguwa na cikin jerin tsirran da yarjejeniyar CITES ta 1973, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa wa ido, wadda Nijar ke cikinta, don haka ma'aikatan duwan na da hurumin riƙe saƙon da ba shi da takardu.

Ya kamata kuma a yi tunani a kan irin da za a saya, domin ba duk abin da ya yi kyau a hoto ne ke jure wa garinmu ba. Murtsunguwa asalinta nahiyar Amurka ce, kuma ire-irenta kamar Opuntia da Mammillaria da Ferocactus suna jure zafi idan sun kama. Echeveria kuwa, mai ganye a jere kamar fure, yawancinta daga tsaunukan Meziko take, inda dare ke da sanyi. Waɗannan tsirrai da dare suke buɗe ƙofofin numfashinsu domin tattalin ruwa, saboda haka idan daren ma ya ƙi yin sanyi, kamar yadda yake a bazararmu, sai su raunana. Ita kuma ƴar murtsunguwar nan mai kai ja ko rawaya, ɗori ce aka yi a kan wata, kan ba ya iya ciyar da kansa, rana na ƙona shi, kuma ba ta cika daɗewa ba. A ganina, mai farawa ya fara da ƙariya, wato Adenium, wadda ƴar Sahel ce, da alobera da moda, kafin ya kai ga masu tsada.

A buɗe kwalin a ranar da ya iso, a cikin inuwa, a warware takardar a hankali. Mai ƙaya ana kama ta ne da gutsuren kwali ko jarida da aka ninka aka zagaye jikinta. Opuntia tana da wasu ƙananan ƙayoyi masu kama da gashi waɗanda ke maƙalewa a fata, kuma salatif ya fi farce iya cire su. Shukar da aka ga farin ruwa na fita daga jikinta galibi dangin tinya da aguwa ce, ruwan yana ƙona fata kuma yana da haɗari ƙwarai ga ido. Ruwan ƙariya ma dafi ne, don haka a wanke hannu, a kuma nisanta yara.

Sai a duba kowace da kyau. Yamutsewa da faɗuwar ganye ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne gindi mai laushi, ko baƙi, ko mai wari. Idan an ga haka, a goge wuƙa ko reza da alkol na kantin magani, a yanke wurin har sai an kai ga tsoka mai tsabta wadda ba ta da ɗigon baƙi ko kaɗan. Saiwar da ta mutu, wadda ke murƙushewa a hannu, a datse ta. A leƙa tsakanin ganye da jikin saiwa ko za a ga wani farin abu kamar auduga, domin ƙwaro ne mai tsotson ruwan shuka, ana kashe shi da auduga da aka tsoma a alkol. Ko ba a ga komai ba, a ware sabuwar shukar daga na gida na mako biyu zuwa uku.

Bayan haka a shimfiɗa su a kan kwali a wuri mai iska da haske amma ba rana, a bar su kwana biyu zuwa uku. Wadda aka yanka a bar ta mako guda ko fiye, har ciwon ya bushe ya yi ɓawo. Wannan ɓawon ne ke hana ruɓa shiga idan ta taɓa ƙasa.

Haɗin ƙasa shi ne inda ya fi cancanta a tsaya. Mutane da yawa na ɗauka cewa tunda shukar hamada ce, rairayin jigawa ya wadatar. Amma rairayin nan lallausa ne, idan ya sha ruwa a cikin tukunya sai ya danne, ya toshe hanyar iska, saiwa ta shaƙe. Ƙasar fadama ta fi shi muni, domin tana riƙe ruwa kwanaki. Abin da ake so shi ne haɗi mai gautsi wanda ruwa zai ratsa nan take. A samo yashi mai tsakuwa irin na gini ko na gulbi, a tankaɗe shi a zubar da garin. A daka tsingaro ko jan bulo gasasshe, ko a samo tsakuwar marmara, girmansu kamar ƙwayar dawa zuwa ta wake. A gwangwani biyu na yashin a zuba gwangwani ɗaya na tsingaron, gwangwani ɗaya na takin da ya ruɓe sarai ya zama ƙasa, da ɗan dakakken gawayi. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji ba shi da wuri a nan, yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Gwajin haɗin mai sauƙi ne: a jiƙa kaɗan a dunƙula a hannu, idan an buɗe hannun ya warwatse to ya yi, idan ya tsaya a dunƙule a ƙara tsakuwa.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana zufa, tana sanyaya saiwa, tana kuma busar da haɗin da wuri, alhali baƙar roba a ranar Maradi gasa saiwar take yi. Wajibi ne ta kasance da huda a gindi, kuma ya fi sauƙi a sa maginiya ta huda ta tun tana ɗanya. Kada ta fi shukar faɗi da fiye da santimita 2 a kowane gefe, saboda ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba jiƙewa take yi ta zauna. Jibga tsakuwa a ƙasan tukunya ba ya taimaka wa fitar ruwa kamar yadda ake zato, tsingaro guda a kan hudar ya isa.

Da busasshen haɗi ake dasawa. A zuba rabi, a riƙe shukar a tsakiya, a baza saiwar, a cika gefe-gefe ana ɗan bubbuga tukunyar maimakon dannawa da yatsa. Wuyan shukar ya tsaya daidai inda yake a da, ana gane wurin ta canjin launi. A bi sama da tsakuwa domin kada jikinta ya taɓa danshi, mai tsayi kuma a tokare ta da duwatsu ko kara har ta kama.

Kada a ba da ruwa sai bayan mako guda, wadda aka yanka kuwa sai bayan biyu. Idan lokacin ya yi, a zuba da sassafe ko da yamma har ya fito ta hudar, sannan a dakata sai haɗin ya bushe har ƙasa. Ana ganewa ta soka tsinke a zaro, idan ya fito da danshi a ƙara jira. Hasken ma sannu a hankali ake ƙara shi, domin shukar da ta kwana a duhun kwali tana ƙonewa cikin sa'o'i kaɗan, kuma tabon ba ya gogewa. A fara da ƙarƙashin rumfar zana ko inuwar bedi na mako biyu, sannan a ba ta ranar safe kawai, daga fitowarta zuwa hantsi. Ranar azahar ta bazara ba ta dace da shukar tukunya ba ko da ta kama.

Alamar kamawa ita ce jikin ya cika ya yi ƙarfi, sabon tsiro ko sabuwar ƙaya ta bayyana a ƙoƙuwa, kuma idan an ɗan girgiza ta a ji ta riƙe ƙasa. Wannan kan ɗauki mako uku zuwa shida, kuma kafin nan ba a sa mata taki. A ɗora tukwanen a kan benci ko bulo inda awaki da kaji ba za su kai ba, idan damina ta faɗi kuma a matsar da su ƙarƙashin rufi, nesa da indararo.