Yadda Ake Kitsa Abin Goge Ƙafa da Tsofaffin Riguna

Abin goge ƙafa mai tsawon santimita 70 da faɗin 45 yana cin manyan riguna masu talewa biyar zuwa shida. Sai almakashi mai kaifi, basilla, fil, da zare mai kauri. Zaren ɗinki na yau da kullum ba ya jure takawa, nan da nan yake tsinkewa.

A fara wanke kayan a shanya su bushe sarai. Wanda ke zuba a wanki a ware shi, domin zai ɓata sauran. Kada a haɗa yadi mai talewa da marar talewa a kitso ɗaya: ɗaya zai miƙe, ɗaya ya tsaya, aikin ya karkace. Auduga ta fi yadin roba shan ruwa, ita ake so a ƙofar banɗaki.

A cire wuya, hannuwa da kalmasa. A yanka gangar rigar a kwance, faɗin santimita 5 kowane yanki, sannan a ja shi da hannu biyu, zai nannaɗe kansa ya zama kamar igiya. Idan yadin mai kauri ne irin na wandon jins, santimita 3 ya isa.

A ɗinke bakin sili uku wuri guda, a maƙale a jikin wani abu mai nauyi, a soma kitso. Silin kada su zo tsawo ɗaya, saboda in mahaɗinsu ya faɗo wuri guda sai ya yi ƙulli mai tokarin ƙafa. Wajen ƙara sili, a tsaga ɗan rami a bakin kowanne, a zura sabon cikin tsohon, a maido jelarsa ta raminsa a ja. Kitson kada ya yi tsauri, kada kuma ya saki. Ana bukatar kitso mai tsawon kusan mita 11. In za a huta, a soka fil kada ya warware.

Naɗewa ita ce wurin da aikin ya fi lalacewa. A cire faɗi daga tsawo: 45 daga 70 saura 25. To, a shimfiɗa santimita 25 na kitson a miƙe, shi ne tsakiya, a riƙa zagaye shi da sauran. A kan tebur ko daɓe ake yi, ba a cinya ba. Basilla ta riƙa bi ta ƙarƙashin silin wannan layi, ta koma na kusa da shi, ba sai ta huda yadin ba. A gefen da yake a miƙe, sili ɗaya da ɗaya ake haɗawa. A kwana kuwa layin waje ya fi tsawo, don haka a riƙa tsallake sili ɗaya nasa lokaci-lokaci. In ba a tsallake ba gefen zai tashi sama, ya ƙi kwanciya. In tsallakewar ta yi yawa sai ya yi tattara. Duk zagaye a danna da tafin hannu a duba. Da an ga ya fara tashi a warware nan take, guga ba ta gyara shi.

A santimita 20 na ƙarshe a rage faɗin silin da almakashi har su sirance, a cusa jelar a ƙasa a ɗinke. Idan a kan tayil za a ajiye shi, a ɗinka masa falle na roba a ƙasa saboda santsi. Bayan wanki a shanya shi a kwance, rataya tana miƙar da shi.