Kurakuran da masu gyara tsohuwar motar alfarma da hannunsu suka fi yi

Na gaji da ganin mutum ya sayi tsohuwar Mercedes S-Class ko BMW 7 Series da arha, ya ɗauko sifanu cike da zumuɗi, bayan ɗan lokaci motar tana jibge ƙura ta rufe ta. Ba na hana kowa gyara motarsa, ni ma da hannuna nake gyara tawa. Abin da ke ba ni takaici shi ne kurakuran ba sa canzawa, kuma kusan duka tushensu ɗaya ne. Kuɗin sayen motar ne ya faɗi, amma yadda aka ƙera ta yana nan yadda yake, ba ta yarda da "ai duk mai ɗaya ne" ko "bari mu gwada mu gani".

Da man giya zan fara, don shi ya fi ci mini kuɗi. Mercedes da yawa daga tsakiyar shekarun 1990 suna ɗauke da giyabos mai lamba 722.6, mai giya biyar. Ba a sa masa sandar awon mai ba, domin da farko kamfanin ya ce mansa na har abada ne. Daga baya shi da kansa ya koma ba da shawarar a canza. A nan sababbin hannu suke rabuwa gida biyu, kuma duka sun ɓata. Wasu ba sa taɓa man sam, har ya yi baƙi yana warin ƙuna. Wasu kuma sai su ɓalle murfin bututun su ɗura duk jan man da suka samu, da ka, babu awo.

Na biyun ne aka yi wa tawa kafin ta zo hannuna. Wanda ya sayar mini ya ce bai daɗe da canza man giya ba, har yana alfahari da hakan. Ban yi nisa da ita ba ta fara fizga idan za ta sauya giya, wata rana ta maƙale a giya ta biyu ta ƙi gaba. Da na kwance farantin ƙasa sai ga man ya yi kumfa, ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, ga baƙin gari ya kwanta a gindin farantin. Sai da aka sauke giyabos ɗin gaba ɗaya. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin abin da ya jawo wannan asara aikin rabin sa'a ne da aka ƙi yi daidai.

Ka nemi man da ya dace da lambar da kamfanin ya rubuta, 236.14 ita ce aka fi nema wa wannan giyabos. Ka sayi doguwar sandar awonsa, ana sayar da ita daban, kuma ba a barin ta a cikin bututun. Ana awo ne inji yana aiki, mota a wuri madaidaici, man ya kai zafin digiri 80. Ni ɗabi'ata, ina auna abin da ya zubo a cikin galan, in canza filtar man, in mayar da daidai abin da ya fita, sannan in auna da zafi. Ba na kai tsohuwar giya wurin injin da ke wanke ta da ƙarfi, ko da yake akwai masu yi. Kana ƙarƙashin motar kuma ka leƙa soket ɗin wayoyin da ke shiga giyabos. Idan ya jiƙe, canza shi a ranar, domin man yana bin cikin waya har ya kai ƙwaƙwalwar giya, wato kwamfutar da ke sarrafa ta.

Haka man sitiyari. Wasu jan man giya suke sha, wasu kuma koren nan CHF 11S, wanda kuma shi ake zuba wa ABC, tsarin ƙafafun Mercedes mai aiki da mai. Sau da yawa amsar tana rubuce a kan murfin. Karanta mana, malam!

Na biyu shi ne zafin inji, kuma a nan ba na sassauta wa kowa. BMW irin su E38 (7 Series) da E39 (5 Series) tankin ruwansu roba ne, wuyan lagireto roba, wasu famfunan ruwan ma fukafukansu roba. Roba idan ta shekara tana shan zafi sai ta bushe ta tsage ba sallama. Allura ta fara hawa, sai ka ji mutum yana cewa ai gida ya kusa, bari ya lallaɓa. Lallaɓawar me? Kan injin alminiyam ne, zafi ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi, gasket ta ƙone. A injin BMW mai lamba M54 zaren da ke riƙe kusoshin kan inji ma yana iya zamewa daga jikin bulo. Allura ta wuce tsakiya, faka ka kashe, ko a ina kake. Kada kuma ka buɗe murfin ruwan da zafi, tururin yana saɓule fata.

Masu cire tamostat su jefar da sunan maganin zafi, ku daina. Injin ba zai kai zafin aikinsa da wuri ba, ƙwaƙwalwar motar za ta yi ta ƙara masa fetur, kuma ainihin ciwon yana nan ba ku taɓa shi ba. Zallan ruwan famfo ma yana cin alminiyam yana toshe hanyoyi. Rabi ruwan sanyaya injin da kamfanin ya ce, rabi tataccen ruwa. Bayan ka zuba dole ka fitar da iska: kunna hita ta kai ƙarshe, sassauta ɗan sukurun fitar da iska har kumfa ta ƙare, ka mayar da shi a hankali don shi ma roba ne. Ni idan abu ɗaya ya tsage a wannan tsarin, tanki da famfo da tamostat da tiyo duka nake canzawa lokaci guda, tunda shekarunsu ɗaya.

Sai canza kaya da hasashe. Fitila ta kama a dashbod, mutum ya jona ƙaramar na'urar OBD2 mai karanta matsalar mota, ya ga sunan sensa, ya ruga ya sayo. Lambar da na'urar ta nuna tana faɗa maka inda ƙwaƙwalwa ta ga abu ba daidai ba ne, ba ta ce sensa ta mutu ba. Sau nawa ake canza sensar iska alhali robar da ke bayanta ce ta tsage tana zuƙar iska? Ga shi ƙananan na'urorin nan galibi inji kaɗai suke karantawa, ba ruwansu da birki ko giya ko jakar iska. Tsofaffin motocin ma soket ɗinsu daban ne, zagayayye mai fil 38 a Mercedes, mai fil 20 a BMW. Kafin komai ka auna batir: kusan bolt 12.6 a kashe, wajen 14 idan inji yana aiki. Raunannen batir kaɗai yana iya kunna maka fitilu birjik. A BMW irin su E65 (7 Series) da E60 (5 Series) kuwa, idan ka sa sabon batir sai ka yi masa rajista da kwamfuta, in ba haka ba motar za ta ci gaba da caza shi kamar tsohon. Idan kuma Mercedes ce ta farkon shekarun 1990, kamar W140, duba wayoyin kan inji tukuna. Rufinsu yana marmashewa, wayoyi su haɗu, ka yi ta zargin abin da bai yi laifi ba.

Akwai wanda ya shafi yatsunka. Mercedes E-Class W211 ta farko tana da birkin SBC mai aiki da lantarki, wanda ke tashi da kansa ya matsa idan aka buɗe ƙofa ko aka taɓa makulli. Ba a canza takalmin birkinta sai an kashe tsarin. Kuma kada ka shiga ƙarƙashin mota mai nauyin tan biyu tana kan jak kaɗai, sa mata ƙafafun ƙarfe a wuraren da aka tanada.

Mai balan-balan ɗin iska a ƙafa, kamar Mercedes S-Class W220, idan ta kwana ta wayi gari a durƙushe, yoyo ne. Fesa ruwan sabulu ka nemo shi tun kafin kwamfuresa ta ƙone da aiki.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka ɗaure bushin ƙafa mota tana rataye, sai nauyinta ya sauka a kan taya. Fulogi a kan injin alminiyam, bari inji ya huce, ka fara ɗaurawa da yatsu, ka ƙarasa da sifana mai awon ƙarfi. Kusoshin alminiyam na injin BMW mai lamba N52 sau ɗaya ake amfani da su. Kada ka murɗa makulli alhali soket ɗin ƙarƙashin kujera a cire yake, fitilar jakar iska za ta kama ta ƙi mutuwa. Lexus LS400 bel ɗin tayimin gare ta, kuma a samfurin 1998 zuwa sama idan ya tsinke bawul da fistin suna karo. Famfon sitiyarinta idan yana ɗiga, a kan altaneta yake zuba. Magudanun ruwan rufi da na ƙasan gilashin gaba kuwa, ka riƙa share su da siririyar igiyar roba, ba waya mai tsini ba, domin idan suka toshe ruwan ƙarƙashin kafet yake sauka, kuma a motoci da yawa a nan wayoyi da akwatunan lantarki suke.